Gayyar Ranar Lahadi

Gidan Nomau, bayan duwatsun Tsafe,
farkon damina, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau.

Zuwa ga Malam, maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sami hutun nan da kake ta ba mutane labarinsa. Na san takardar nan ba ta da mai kai ta, ba ta da mai karanta ta. In na gama zan naɗe ta in tura cikin akwatinka, gara ta karanta a madadinka. Amma kai ka koya mini baƙaƙen nan da tsinke a kan rairayi, kana dariyar yadda nake juya wasu baya, to yadda ka dama haka za ka sha. Ko a nan ɗin ma ba zan rubuta sunanka ba. Ban kira shi kana raye ba, ba zan fara don ka mutu ba.

Bari in fara da labarin gida. Ruwa ya sauka da wuri bana, an yi shuka, gero ya fito. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Yarinyar nan taka ta yi giɓi, kuma ta tambaye ni ko Gusau ta fi Zariya nisa, tunda waɗanda suka tafi Zariya sukan dawo. Na aike ta ɗebo ruwa. Jirgin da kake ta cewa zai zo, ya zo. In iska ta juyo mukan ji kukansa daga nan, kaji su watse. Jinkar ɗakin addu'a tana yoyo daidai inda kake tsayawa, kuma ban sa an gyara ba. Dalilin da ya hana ni gyarawa shi ya sa na ɗauki alƙalaminka yau.

Ka tuna ranar da dattawan ikilisiya suka sa mu a tsakiya can Zariya, suka ɗora mana hannu, suka roƙi Ubangiji ya buɗe mana ƙofa a ƙasar Zamfara? Ni ƙafata ce ta yi sanyi don daɗewa a durƙushe, kai kuwa hawaye kake yi. Da muka iso Tsafe aka gaya mana Bature mai mulki bai yarda da wa'azi a kasuwa ko cikin gari ba. Muka fito bayan duwatsu wurin Maguzawa, Baba Nomau, sarkin nomansu, ya ba mu ɗaki da 'yar gona a gefen rafi. Shekarar farko babu wanda ya saurare ka. Kana buɗe Littafi a gindin tsamiya, maza su tuna suna da aiki, mata su tuna tuwo na kan wuta. Kullum da safe mu durƙusa mu biyu, ka riƙa kiran sunan gidaje ɗaya bayan ɗaya kana roƙa musu haske, ni ina amin, hankalina na kan rumbun da babu komai a ciki.

Sai ranar da ka ji gangar noma, ka ɗauki fartanya ka bi samari gayya. Na yi maka dariya har na riƙe ciki. Hannun da bai san komai ba sai takarda da allura, shi zai yi huɗa da 'ya'yan Maguzawa? Ka dawo da yamma tafinka duk bororo, na shafa maka man kaɗe ina mita, kai kana ba ni labari kamar wanda ya ci kasuwa. Wai da aka kawo tuwo da giya ka nemi izinin mai gona ka yi godiya ga wanda ya ba da ruwa, kuma sun dakata da ƙoƙuna a hannu har ka gama. Ka ce mini in ba a bar ka ka yi magana da baki ba, za ka yi da fartanya. Tun daga ranar babu gayyar da ta wuce ka. Noman farko, maimai, huɗa, girbi, har ɗaukar jinka. Suka sa maka suna Malam Mai Kunu don ba ka shan giya, makaɗi har kirari yake maka da shi. Gonarmu kuwa ni da yarinyarka a goye muka noma ta, don ba ka taɓa kiran gayya a kanta ba. Na ji haushin wannan ƙwarai, kuma na faɗa maka a lokacin, ba sau ɗaya ba.

Daga nan fa Lahadi ta fara cika. Yau mutanen wannan gida, mako mai zuwa na wancan, har gindin tsamiya ya kasa mu muka yi ɗaki. Ka tuna ranar da ka karanta musu labarin manomin da ya watsa iri, wani ya faɗa a hanya, wani a kan dutse? Suka yi ta dariya, Baba Nomau ya ce wannan ragon ɗan birni ne, ai gero a rami ake zuba shi a take da diddige. Ka taya su dariya, ka dawo gida ka ce mini alama ce suna saurare. Ka aika wa dattawa da labari. Masu bi na Sabon Garin Gusau, ma'aikatan hanyar jirgi, suka yi taron addu'ar godiya a kanmu, Baba Akawu dattijonsu ya aiko mana da guntun ƙarfen dogo a kan jaki, muka rataye shi a tsamiya ya zama ƙararrawarmu. Ban taɓa ganin fuskarka kamar ranar da ka fara buga shi ba. Babu wanda ya nemi baftisma a cikinsu, amma ka ce ba a gaggawa da dawa, sai ta nuna.

Sauran labarin ka fi ni sani, ko kuwa ba ka sani ba? An gayyace ka gayya can wani ƙauye a ƙasar Bungudu, na ce ya yi nisa, ka ce su ma mutane ne. Kububuwa ta sare ka a ƙafa kana tsakar huɗa. Wani malami Musulmi da ke wucewa ya sauke kayansa a gefen hanya ya aza ka a jakinsa, ya nufi Gusau da kai wurin likitan ma'aikatan jirgi. Ba ka kai ba. Har yau ban san sunan bawan Allahn nan ba, an dai ce bai tafi ba sai da aka rufe ka. Kafin labari ya same ni in iso, an riga an sa ka a makwancinka a maƙabartar baƙi. Baba Akawu ya tara mutanensa suka sake yin addu'a a bakin kabarin domina, da harshensu na kudu, suna waƙa mai daɗi. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Hausawa addu'a da Hausa, aka rasa mai yi masa da ita, har ni matarsa.

Na dawo na ce aikinka ba zai mutu a hannuna ba. Ranar Lahadi na buga ƙarfe, suka zo. Na karanta musu abin da na iya, na yi waƙoƙin da ka koya mana, na dama kunu kamar kullum. Na ce a raina lallai Malam bai yi wahalar banza ba. Sai gidan Tanko suka daina zuwa. Bayan 'yan makonni gidan Jatau. Ba faɗa, ba gaba, in mun haɗu a rafi su gaishe ni da fara'a, matansu su kawo mini kuka da daddawa. Haka suka riƙa zarewa gida-gida har rani ya raba, na buga ƙarfe wata Lahadi na shiga na tarar da tabarmi. Na yi azumi, na yi kuka, na bincika kaina ko wani zunubi nawa ne, ko don ni mace ce, ko karatuna ne ba ya fita. Da abin ya ishe ni na ɗauki mayafi na tafi wurin Baba Nomau, na same shi yana ɗaure ƙotar garma, na durƙusa na tambaye shi laifin da na yi musu.

Malam, mamakin tambayar ya yi. Ya ce babu laifi ko kaɗan. Ya tuna mini da ranar da ya zo gidanmu ya same ka, ya ce maka abin kunya ne mutum ya nome gonakin jama'a shi kuma ya ƙi kiran gayya, mutane suna jin kansu kamar ɓarayi. Ka ce masa gonarka ƙarama ce, ba ta bukata, amma in suna so su faranta maka rai su zo ranar Lahadi da hantsi ku zauna ku yi addu'a. Shi kuma ya koma ya sanar da gidaje cewa Malam ya kira tasa gayyar, ta zama ce da rufe ido, babu fartanya. Kowane gida ya san nauyin da ke kansa, ya riƙa turo mutanensa. Da ka mutu ba su yarda su bar sauran bashin ba, don ba a cin gumin mamaci. Ga abin da ya faɗa mini da bakinsa, ba zan manta ba: "Gayya tai munka zo, ɗiyata, kuma aradu mun biya. Ba gidan da ya rage."

Ba ba'a yake mini ba. Ka san shi, mutum ne mai gaskiya, yana alfahari ne cewa mutanensa ba su ci amanarka ba. Har ya ƙara da cewa in ina son ɗakin ya sake cika abu ne mai sauƙi, in fito gayya da fartanyarka bana, su kuma za su zo mini zaman Lahadi kamar yadda suka zo maka. Na yi masa godiya, na tashi. Ban san yadda na iso gida ba.

To ka ji. Shekarun nan duka, da bororon hannunka, da taron godiyar Gusau, da ƙafar da maciji ya sara, ashe kowa ya ci ladan kuturu ne yake yi masa aski. Shuka muka yi a idon makwarwa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Na gani tun farko. Ranar da Baba Nomau ya zo maka da maganar nan ina daka a bayan danga, na ji ku. Lahadin farko kuma wasu samari da fartanya a kafaɗa suka zo, sai da tsoho ya harare su suka jingine ta a tsamiya. Da ka rufe addu'a babu wanda ya tashi, suka zauna suna kallon madafa, irin zaman da ake yi a bakin gona in an gama aiki. Kai kana tsammanin maganar ce ta riƙe su. Ni na gane abin da suke jira, na shiga na dama kunu, kuma tun ranar ban fasa ba. Na lura gidajen da ka nome wa sau da yawa su suka fi cika ɗaki. Sau nawa na buɗe baki in faɗa maka? Sai in dubi fuskarka kana wanke ƙafa kana 'yar waƙa, in ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa ko da me suka zo, kunnuwansu dai a buɗe suke, wata rana wani abu zai shiga. Ban sani ba ko tausayinka ne ya rufe mini baki ko tsoron a ce mu koma Zariya hannu rabbana.

Kai fa? Ka sani? Wannan tambayar ita ke cina. Mutum mai wayo irinka, wanda ya san al'adar gayya har ya shiga cikinta, a ce bai gane ba? In ka sani ka yi shiru, to mun zauna ɗaki ɗaya muna ɓoye wa juna abu ɗaya, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa. In kuwa ba ka sani ba, ka mutu da farin cikin da ba shi da tushe, ni kuma na taya ka gina shi da ludayin kunu. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Wani lokaci haushinka nake ji, wallahi. Ka tafi ka huta da labarinka mai daɗi, ka bar ni da gaskiyar.

Addu'a ma ta gagare ni, Malam. Nakan durƙusa da safe inda muke durƙusawa, in fara kiran gidajen kamar yadda kake yi, gidan Tanko, gidan Jatau, sai in ji kamar ina kiran awakin da aka riga aka sayar. Me zan roƙa? Mun roƙi ƙofa, aka nuna mana wadda ba ta shiga ko'ina. Dattawa sun roƙa, mutanen Gusau sun yi godiya a kan abin da bai faru ba, kuma Ubangiji yana ji bai ce uffan ba. Shi da ya san zukata, me ya hana ya taɓa ko ɗaya? Me ya hana ya kau da macijin nan taki ɗaya? Na san abin da za ka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse. Na dafa, itacena ya ƙare, ban ga romo ba. In wannan saɓo ne, ka roƙa mini gafara, kai ka fi kusa.

Makon jiya Baba Akawu ya aiko. Labari ya kai musu cewa ɗaki ya watse. Ya ce dattawa sun ga ya fi in tattara in bi jirgi in koma wurin dangi, ga yarinya tana girma babu makaranta. Ƙarfen kuma suna so, sun yi sabon ɗakin sujada kusa da tasha ba su da ƙararrawa. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma in an bi ta hankali yana da gaskiya. Ga hanya biyu ke nan a gabana. Ko in sauke ƙarfe in tafi, ko in ɗauki fartanyarka in sayo masu saurare da gumina, yanzu da na san abin da nake saye. Gobe ma akwai gayya a gonar Jatau, tun ɗazu ake gwada ganga.

Sai dai akwai abu ɗaya da ban faɗa maka ba tukuna, na ajiye shi ƙarshe don ina tsoronsa. Da na ce na tarar da tabarmi, ba tabarmi kaɗai ba ne. Ka tuna Iya Kande, tsohuwar nan mai hakiya a ido, wadda 'ya'yanta suka mutu suka bar ta a bukka bayan gidan Nomau? Tana zama can ƙurya kusa da ƙofa. Ita ba ta daina zuwa ba. Ba ta da gona, Malam. Ko gayauna ba ta da ita, ba ta cikin gandun kowa, ba ka taɓa nome mata kunya ɗaya ba. Ina buga ƙarfe sai in hango ta tafe da sandarta tana laluben hanya. Waƙa rabi ta iya, sauran ta cika da nata. Takan ce amin a inda ba a cewa, wani lokaci ta yi gyangyaɗi ina tsakar karatu. Na ce wataƙila kunu ne. Da geronmu ya ja baya na daina damawa, na zuba ido. Ta zo, ta zauna, muka gama, ta yi mini sai wani mako ta tafi da yunwarta. Ranar da aka yi ruwa da safe ma ta zo, zanenta sharkaf, ta zauna tana rawar sanyi, ɗigon jinka yana sauka inda kake tsayawa.

Ban tambaye ta dalili ba. Na tambayi Baba Nomau na ji abin da na ji, ba zan sake ba. Lahadin da ta wuce, bayan mun shafa, ta gyara zama ta ce, "Ke ɗiya, ran da Malam yat tarad da ni bakin rahi..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na yi wuf na miƙe na ce akuya ta shiga gona, na fita da gudu na tsaya bayan rumbu har na ji ƙarar sandarta ta yi nisa. Akuya tana ɗaure a turkenta. Me ya faru a bakin rafi, Malam? Tulu ka ɗaukar mata? Itace ka kai mata gida? In haka ne ita ma gayyarta take biya, kuma wata Lahadi za ta ga ta gama, in buga ƙarfe in zauna ni kaɗai. Ko kuwa wata magana ka faɗa mata a can, ta shiga ramin da ya kamata, aka take ta da diddige? Kai kaɗai da ita kuka sani, kai ba ka magana, ita kuma ba zan bari ta faɗa ba.

Na ba ɗan aiken Baba Akawu amsa jiya. Na ce ya yi haƙuri da ƙarfen, akwai mai jin sa. Ban faɗa masa mutum nawa ba. Gayyar Jatau kuma ba zan je ba, fartanyarka tana rataye tun da samarin Bungudu suka kawo ta, da ƙasar gonar a bakinta, a nan za ta zauna. Ba ƙarfin bangaskiya ne ya tsayar da ni ba, kada ka yaba mini. Abin da ya rage na dukan aikinka tsohuwa ɗaya ce mai rabin ido, ni kuma ba ni da zuciyar da zan bincika ko ita ɗin ma taka ce. Zan buga mata ƙarfe har ranar da za ta daina zuwa, ko da ƙafarta ko a kan makara. Ran nan zan sauke shi da hannuna, in kama hannun yarinyarka mu bi jirgi.

Addu'a ɗaya ce ta rage mini wadda bakina ke iya faɗa, ita nake yi safe da yamma. In Iya Kande ma biya take yi, kada Allah ya sanar da ni a duniya.

Ka huta lafiya, Malam Mai Kunu. In an bar ku kuna leƙowa, ka leƙo jibi da hantsi, za ka same mu mu biyu, mun matsa daga inda ke yoyo.

Ni ce matarka,
Saratu, mai buga maka ƙarfe.